FILIN KWAMFUTA: Aikin Gayyar Manhaja, Ta Ina Baƙo Zai Sa Hannu?

Tambayar da za mu duba a wannan karo ta fi fitowa daga bakin matasanmu na Nima da Mamobi da zangon Kumasi da Tamale, waɗanda suka koyi rubuta manhajar kwamfuta, wasu a makaranta wasu kuma da ƙoƙarin kansu, sa'an nan da suka je neman aiki aka ce musu sai mai gogewar shekara biyu ko uku ake so. To, in ba a ɗauke ka aiki ba, a ina za ka sami gogewar? Amsar da akan ba su a taƙaice ita ce su je su sa hannu cikin manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Shawara ce mai kyau, amma wanda ya ba ka ita ya yi shiru, tamkar ya nuna maka kogi ne bai nuna maka mashigi ba. Saboda haka yau mashigin za mu nema.

Da farko dai, mene ne buɗaɗɗen tushe? Kowace manhaja tana da rubutun da masu ita suka zauna suka rubuta, wanda shi ne ake juyawa ya zama abin da kwamfuta ke aiki da shi. Wannan rubutu shi muke kira tushe. Kamfanoni da yawa sukan kulle nasu, su sayar maka da izinin amfani kawai, ba ka da ikon leƙawa ciki balle ka gyara. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya yi shelar fara aikin GNU, da nufin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin ya yi amfani da ita, ya karanta tushenta, ya gyara, ya kuma rarraba wa jama'a. A 1991 Linus Torvalds, wanda a lokacin ɗalibi ne a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fito da Linux, wadda a yau a kanta aka gina wayoyin Android da ke aljihunan yawancinmu. Lakabin buɗaɗɗen tushe kuwa a 1998 ya shigo, shekarar da kamfanin Netscape ya saki tushen manhajarsa ta yawo a intanet, inda aikin Mozilla ya samo asali.

Turawa sun daɗe suna ka-ce-na-ce a kan wannan, domin a harshen Ingilishi kalma ɗaya ce ke nufin abin da ba a biya masa kuɗi da kuma abin da ke da 'yanci. Mu Allah ya hutar da mu, kyauta daban, 'yanci daban. Maganar da ake yi ta 'yanci ce. Mutum na iya sayar da irin wannan manhaja, ko ya ci abinci da girka ta da kula da ita, babu laifi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan abu yana can nesa da mu. Hukumar Lafiya ta Gana tun 2012 take tattara alƙaluman asibitocin gundumomi da tsarin da ake kira DHIMS2, wanda aka gina a kan manhajar DHIS2 mai buɗaɗɗen tushe da jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta, kuma ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita, har da Nijeriya. Wikipedia da 'ya'yanmu ke dubawa in an ba su aikin gida, a kan manhajar MediaWiki take tafiya. LibreOffice kuma, wadda ake buga wasiƙu da lissafin kanti da ita ba tare da sayen lasisi ba, a 2010 ta rabu da OpenOffice, kuma gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus ce ke riƙe da ita. Duk waɗannan aikin gayya ne, wasu ana biyansu albashi su yi, wasu kuwa da dare suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin.

To, ta ina za a fara? Shawarata ta farko ita ce ka zaɓi manhajar da kai kanka kake amfani da ita. Matasa da yawa sukan tafi kai tsaye su nemi aikin da ya fi suna, su ce su Linux za su gyara, alhali dubban ƙwararru ne ke kanta, yawancinsu ma'aikatan manyan kamfanoni ne, kuma baƙo na iya yin wata shida bai gane inda aka dosa ba. Amma manhajar da kake buɗewa kullum, ka riga ka san inda take yi maka ciwo, ka san maɓallin da ba ya aiki daidai, ka san bayanin da ya ruɗe ka ranar farko. Wannan sani jari ne wanda masu rubuta ta sau da yawa ba su da shi, don sun saba da ita har sun daina ganin aibinta.

Kafin ka zuba lokacinka, duba ko aikin yana da rai. Yawancin waɗannan ayyuka a rumbunan intanet suke, irin su GitHub da GitLab, inda komai a fili yake. Duba yaushe aka yi gyara na ƙarshe. Duba gyare-gyaren da baƙi suka miƙa, ko an amsa musu cikin mako ɗaya ko biyu, ko kuwa an bar su shekara guda ba wanda ya tanka. Karanta yadda manyan wurin ke magana da sababbin zuwa. In ka ga ana yi wa mai tambaya ba'a, to ɗauki takalmanka, gidaje suna da yawa. Har ila yau ka duba ko akwai lasisi. Tushen da aka zuba a fili ba tare da lasisi ba, a shari'ance har yanzu hakkin mai shi ne shi kaɗai, ganinsa da ka yi bai ba ka izinin ɗauka ba.

Tunda mun taɓo lasisi, bari mu ɗan tsaya. Akwai iri biyu manya. Na farko shi ne irin GPL, wanda Stallman ya fitar a 1989, wanda ya ce in ka gyara manhaja ka rarraba ta, dole ne ka saki tushen gyaranka bisa sharuɗɗan da kai ma ka samu. Na biyu shi ne irin MIT, mai sassauci, wanda ya yarda har kamfani ya ɗauka ya sa cikin hajarsa ya kulle, muddin ya bar sanarwar hakkin masu asali. Abin da ya shafi baƙo a nan shi ne, duk gyaran da ka miƙa aka karɓa, ya shiga ƙarƙashin lasisin aikin ke nan, ba ka da damar dawowa baɗi ka ce a ba ka kayanka. In kuma kana yi wa wani kamfani aiki, tambayi maigidanka tukuna, domin wasu takardun ɗaukar aiki sun ce abin da ka rubuta nasu ne. Kuma kada ka kwaso rubutun wani daga wani wuri ka miƙa da sunanka. Masu Linux tun 2004 suke sa kowane mai miƙa gyara ya sa hannu da sunansa cewa yana da hakkin bayar da abin da ya kawo.

Bayan ka zaɓi gida, sai ka zauna ka karanta. Kusan kowane aiki yana da takarda mai suna README mai bayanin abin da manhajar ke yi da yadda ake girka ta, da wata mai suna CONTRIBUTING mai bayanin yadda suke so a kawo musu gudunmawa. Wanda ya je koyon ɗinki ba ranar farko ake miƙa masa shaddar alhaji ya yanka ba. Zai yi shara, ya yi guga, ya sa maɓalli, yana kallon hannun maigida. Haka abin yake a nan. Yi mako biyu ko uku kana bin tattaunawarsu ba ka ce uffan ba, za ka gane wane ne ke yanke shawara, wace irin magana ce ke ɓata musu rai, da wane sashe ne babu mai kula da shi.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, wato ba sai ka iya rubuta manhaja za ka yi amfani ba. Aikin da ya fi ƙarancin hannu a manyan ayyuka shi ne tantance rahotannin aibi. A LibreOffice, alal misali, kullum mutane daga ko'ina cikin duniya suna aiko da ƙorafi cewa kaza ba ya aiki, kuma kowane rahoto yakan zauna a matsayin wanda ba a tabbatar ba har sai wani mutum dabam ya gwada a kwamfutarsa ya ga abin ya faru. In ka ɗauki rahoto ɗaya, ka bi matakan da mai shi ya faɗa, ka rubuta cewa kai ma ka ga haka a siga kaza, ko kuwa ba ka gani ba, to ka rage wa ƙwararre aikin awa guda. Wanda ya yi wannan sau ashirin, masu aikin sun san sunansa tun kafin ya miƙa layi ɗaya na gyara.

Kai ma in za ka kai rahoto, akwai ladabinsa. Fara bincikawa ko wani ya riga ka. Sa'an nan ka faɗi sigar manhajar da irin kwamfutarka, ka jera abin da ka yi ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi abin da ka zata zai faru da abin da ya faru. “Manhajarku ba ta aiki, ku taimaka” ba rahoto ba ne, kuka ne. Amma in ka ce ka rubuta kalmar ƙasa da salon rubutu kaza, ka mai da takardar PDF, sai harafin ƙ ya fito kamar ɗan akwati, ga kuma takardar gwaji na haɗa, to ka ba mai gyara abin da zai kama. Sai dai a kula, takardar gwajin kada ta zama ta ofis mai ɗauke da sunayen mutane da lambobin wayarsu, domin duk abin da ka sa a wurin duniya ce za ta gani, kuma ba ya gogewa da sauƙi.

Wannan misali na harafin ƙ da gangan na kawo shi, don nan ne mu Hausawa muke da abin bayarwa wanda injiniyan Jamus ba shi da shi komai iliminsa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda Nijeriya ke sa 'y, duk suna da gurbinsu a ƙa'idar Unicode tun da daɗewa. Amma samun gurbi daban, manhaja ta yi musu adalci daban. Shin in an jera sunaye bisa haruffa, ina Ƙasimu ke faɗawa? In ka mai da kalma manyan baƙaƙe, ɗ tana komawa Ɗ? In ka nemi kasa a cikin takarda, tana kawo maka ƙasa, kuma haka ake so ko ba haka ba? Irin waɗannan tambayoyi ba wanda zai yi su sai mai harshen. Masu rubutun ajami ma ba a bar su a baya ba, domin ƙungiyar SIL ta fitar da salon rubutu guda biyu a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, Harmattan da Alkalami, na biyun an zana shi ne bisa rubutun hannu irin na Kano. Malamin makarantar allo da ya ga wasalin da bai zauna daidai ba, in ya sami yaron da zai rubuta masa rahoto, ya ba da gudunmawa ke nan.

Sai fassara, wadda ita ce ƙofa mafi faɗi gare mu. Kalmomin da ke fuskar MediaWiki, irin su shiga da fita da gyara da adana, a dandalin translatewiki.net ake fassara su, LibreOffice da wasu ayyuka da dama kuma da manhajar Weblate suke yin tasu. Ba ka bukatar girka komai, ka yi rajista, a nuna maka jimlar Ingilishi, ka rubuta ta Hausa a ƙarƙashi. Maƙwabtanmu Dagwamba sun nuna mana abin da wannan aiki ke haifarwa, domin kafin a buɗe Wikipedia ta Dagbani a 2021, cikin sharuɗɗan da suka cika har da fassara saƙonnin manhajar da aka fi amfani da su.

Amma fassarar manhaja tana da tarkonta, kuma a nan zan ɗan daɗe. Za ka riƙa ganin alamomi irin su $1 ko %s a tsakiyar jimla. Waɗannan gurabe ne da manhaja za ta cike da suna ko lamba lokacin aiki. Kana iya matsar da su inda tsarin jimlar Hausa ya bukata, amma in ka goge su ko ka canza su, saƙon zai fito a gurgunce. Na biyu, Ingilishi yana da kalma ɗaya ta yi wa mutum magana, namiji ne ko mace, mu kuwa sai mun zaɓa tsakanin ka shiga da kin shiga. MediaWiki tana da dabarar da ke duba jinsin da mai amfani ya zaɓa ta ba shi wanda ya dace, amma manhajoji da yawa ba su da ita, don haka sai a koma ga kun shiga na girmamawa, ko a juya jimlar a ce an shiga. Ni a ganina juyawar ta fi tsafta a wurare da yawa. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne daidaito. In wanda ya riga ka ya yi amfani da adana a wurare ɗari, kada ka zo ka sa ajiye a wurare goma don kawai ta fi yi maka daɗi. In kana ganin tasa ba daidai ba ce, ka tayar da maganar a wurin tattaunawa a canza gaba ɗaya. Kuma don Allah kada a kwaso fassarar inji a zuba ba a karanta ba. Fuskar manhaja da aka cika da Hausar da Bahaushe ba ya ganewa ta fi wadda aka bari da Ingilishi cutarwa, don ita ce ke sa mutum ya gwada sau ɗaya ya rantse ba zai ƙara ba.

Wata tambaya da ke damun mutanen zango ita ce, Hausarmu ta nan za ta karɓu kuwa? A rubuce, daidaitacciyar Hausa ake bi, wadda aka gina bisa karin Kano, kuma wanda bai saba da ƙa'idojin rubutunta ba sai ya nemi littafi ya koya, musamman raba kalmomi da bambanta namiji da mace, inda harshenmu na nan ya sassauta. Amma a wajen murya labari ya sha bamban. Mozilla ta buɗe aikin Common Voice a 2017, inda mutane ke karanta gajerun jimloli da muryarsu, wasu kuma su saurara su tabbatar an karanta daidai, a tara a bayar kyauta ga duk mai son koya wa inji jin magana. Hausa tana cikin harsunan da ake tarawa. Injin da muryar Kanawa da Zazzagawa kaɗai ya saba ji, ranar da tsohuwa daga Sabon Zango ta yi masa magana zai yi kamar kurma. Don haka muryarmu, ta maza da ta mata, ta yara manya da ta dattawa, abin nema ce. Waya da minti goma sun isa. Sai dai mai ba da murya ya sani cewa ya bayar ke nan ga kowa da kowa, har da kamfanoni masu neman riba.

Mu koma ga masu son rubuta manhajar kanta. Abin da ba makawa sai ka koya shi ne Git, wanda Torvalds ya rubuta a 2005 don riƙe tarihin gyare-gyaren Linux. Yadda abin ke tafiya a yawancin ayyuka shi ne, ka kwafo rumbun aikin zuwa kwamfutarka, ka buɗe reshe naka don kada ka taɓa gangar jikin, ka yi gyaranka, ka ɗaure shi da ɗan bayanin abin da ka canza da dalili, sa'an nan ka miƙa musu da roƙon su duba su haɗa. Turawa ma faci suke kiran irin wannan gyara, kamar dai facin taya. Kafin ka taɓa komai, ka tabbata ka iya tayar da manhajar daga tushe a kwamfutarka ta yi aiki. Wannan mataki shi ke kayar da mutane da yawa. Tushen LibreOffice babba ne ƙwarai, sauke shi zai ci maka data, kuma tayar da shi a ƙaramar kwamfuta na iya cin sa'o'i masu yawa, ga kuma wutar lantarki da ba ta da alkawari. Wanda kayan aikinsa ba su da ƙarfi gara ya fara da ƙaramin aiki na Python ko JavaScript. In kuma ka bi bayanin girkawa ka tarar wani mataki ya tsufa ko an tsallake shi, to ga gudunmawarka ta farko nan ta zo da ƙafarta, ka gyara bayanin.

Ayyuka masu son baƙi sukan ware ƙananan matsaloli su yi musu alama cewa sun dace da sabon hannu. LibreOffice tana kiran nata Easy Hacks, kuma sau da yawa akwai bayanin inda za ka duba cikin tushen. Ɗauki guda ɗaya tak, ka sanar cewa kana kai, in kuma ka ga ba za ka iya ba ka dawo ka faɗa don wani ya ɗauka. Gyaranka ya zama ƙarami, ya tsaya kan abu ɗaya. Mai dubawa zai iya karanta layi goma sha biyar kafin ya sha shayi, amma layi dubu biyu daga mutumin da bai sani ba, zai ce sai ya sami lokaci, lokacin kuwa ba zai zo ba. In za ka yi tambaya, yi ta a fili inda kowa zai gani, ka faɗi abin da ka riga ka gwada. Bin shugaban aiki da saƙon sirri kana cewa ya zama malaminka bai cika haifar da ɗa mai ido ba.

Daga nan sai haƙuri. Za a dawo maka da gyaranka da jan alƙalami, wani lokaci sau uku ko huɗu, a ce canza sunan nan, ƙara gwaji a can. Yawancin masu dubawa ba sa yin doguwar gaisuwa irin tamu, ba sa tambayar gida da iyali, kai tsaye suke faɗin abin da suka gani, kuma wannan ba raini ba ne. Hasali ma wannan dubawa ita ce ribar da ka zo nema, domin ƙwararren da ba za ka iya biyan kuɗin awarsa ɗaya ba ya zauna ya karanta aikinka layi-layi. In an yi mako biyu shiru, ka yi tuni sau ɗaya cikin ladabi.

Ya kamata baƙo ya san dalilin da ya sa masu riƙon waɗannan ayyuka suke taka-tsantsan. A watan Oktoba na 2020, a gasar Hacktoberfest da kamfanin DigitalOcean ke shiryawa, inda a lokacin ake ba da riga ga wanda ya miƙa gyara huɗu, sai jama'a suka yi ta aika gyaran banza, wani ya ƙara kalma ɗaya a README ya miƙa, har masu ayyuka suka yi kuka aka canza dokokin gasar. A 2021 masu Linux sun dakatar da karɓar gyara daga jami'ar Minnesota ta Amurka bayan wasu masu bincike a can sun aika faci masu aibi da gangan don gwaji. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na watan Maris 2024. Wata ƙaramar manhaja mai matse fayil da ake kira xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗawainiya da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shigo a 2021, ya yi ta taimako fiye da shekara biyu har aka amince masa aka ba shi iko, sai ya dasa ƙofar sirri da za ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin jama'a. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya gano, saboda ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Bayan irin wannan, in an yi maka tambayoyi kafin a karɓi facinka, ka san ba da kai ake ba.

Ga kuma sabuwar fitina ta injunan da ke rubutu da kansu. Daniel Stenberg, mai manhajar curl, ya sha kokawa a 2024 da 2025 kan rahotannin aibi na ƙarya da mutane ke sa inji ya rubuta su aiko, su kuma su ɓata sa'o'i suna binciken abin da babu shi. Wasu ayyuka sun hana gyaran da inji ya rubuta, wasu sun yarda da sharaɗin ka faɗa. Karanta dokar gidan da ka shiga. Ko ina ne dai, kada ka miƙa layin da in aka tambaye ka dalilinsa za ka yi zuru.

Maganar kuɗi fa? Gaskiya ita ce yawancin wannan aiki ba a biya, kuma wanda ke neman na cefanen gobe kada ya dogara da shi. Amfaninsa ga mai neman aiki shi ne shaida, domin duk facin da aka karɓa yana nan da sunanka da kwanan wata, mai ɗaukar aiki a Ankara ko Landan zai iya buɗewa ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Duk da haka akwai hanyoyi biyu sanannu da ake biyan sababbin shiga. Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, da ɗalibai kaɗai yake ɗauka, amma tun 2022 aka buɗe shi ga duk sabon shiga da ya kai shekara 18, kuma alawus ɗinsa ya danganta da ƙasar mutum da girman aikin. Akwai kuma Outreachy, wanda ya samo asali daga shirin GNOME na jawo mata, ya ɗauki wannan suna a 2015, yana ba da horo na wata uku daga gida ga waɗanda aka saba bari a baya a harkar fasaha. 'Yan matanmu da suka karanta kwamfuta suna zaune a gida, iyaye su ƙarfafa musu su nema, tunda ba sai an yi tafiya ko'ina ba. A dukkan shirye-shiryen biyu ana duba ko mai nema ya riga ya ba aikin gudunmawa, don haka wanda ya jira sai an buɗe ƙofa sa'an nan ya fara koyon Git, ya makara.

Kada kuma a yi zaman kaɗaici. Babban taron masu Python na Afirka, PyCon Africa, a nan Ankara aka yi shi a 2019, aka sake dawowa a 2024, kuma ƙungiyar Python Ghana tana da tarukanta. A irin waɗannan wurare za ka sami wanda zai zauna kusa da kai ya warware maka cikin minti goma abin da ya hana ka barci mako guda. In nisa ko kuɗin mota ya hana, ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa ranar Asabar, kwamfuta ɗaya ma ta isa, ɗaya na bugawa sauran na dubawa. Takardun neman Google Summer of Code a wajen Maris zuwa Afrilu akan karɓe su, ana kuma fitar da jerin ayyukan da za su shiga kafin nan, saboda haka mai niyya ya fara leƙa gidan da yake so tun watan Nuwamba ko Disamba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake sa haruffa masu lanƙwasa a allon rubutu na waya da na kwamfuta.